Shatar da Ta Tafi da Garba Direba

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku da naku 'ya'yan, ku gyara zama kamar kuna gabana a kan tabarma, don wannan magana ba ta saurare a tsaye ba ce. Na san kun tsinci labarin gutsure-gutsure a bakin mutane. Wani ya ce muku ni na kai ƙanena Bala gidan yari. Wani ya ce mahaifinku Malam Sani ne ya tilasta ni. Akwai wata a Gummi da har yau take cewa gaba ce tsakanina da Bala tun muna yara. Babu ɗaya daga cikinsu da yake wurin. Ni nake wurin, kuma ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci ya ishe ni in rubuta abin da ya faru, ko da rubutun zai fito kamar sawun kaza a kan yashi.

Kun dai san ni, mace ce ta cikin gida. Tun da aka kawo ni Bukkuyum daga Gummi ban san garin nan da ƙafa ba, da kunne na san shi. Ina gane mai tallan nono tun daga lungu na biyu, ina gane ladan in mura ta kama shi, ina gane wanda ya wuce ta ƙofar gida da jan takalminsa. Mahaifinku yakan ce da Allah ya raba kunne ni na je da kwando. Motoci ma haka. A wancan lokaci ba su da yawa a garin, kowace da muryarta. Ta maƙwabcinmu Garba Direba, wata a-kori-kura fara mai ɗaukar buhunan hatsi, sai ta yi tari sau biyu kamar tsoho mai shan taba kafin ta yarda ta tashi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su, kuma akwai wata 'yar kafa a jikinta inda ni da matarsa Luba muke miƙa wa juna gishiri da garwashi da labarin gari. Garba mutum ne mai dariya da ƙarfi. In ya dawo daga hanya yakan jefo rake ta saman katanga ya ce a ba 'yan makaranta, wato ku manyan.

Sai in faɗa muku yadda aikinsu yake, don a nan maganar take. Direba yana da lodi iri biyu. Akwai na tasha, inda ake bin layi a cika mota da mutanen da kowa ya gani. Akwai kuma shata, inda mutum zai ɗauki motar gaba ɗaya ya kai ta inda yake so, ko da cikin daji ne. Shata ta fi tsoka, amma a cikinta ake rasa rai. Shi ya sa direbobin wajenmu suke da ƙa'ida: ba a ɗaukar shatar baƙo sai wani sananne ya tsaya masa, ya ce na san shi, in wani abu ya faru a tambaye ni. Babu takarda, babu sa hannu, baki ne kawai. Garba kuwa ya fi kowa riƙe wannan ƙa'ida. Luba takan yi masa tsiya ta ce ko gawa aka ce ya ɗauko sai ya tambayi wa ya tsaya mata.

Bala shi ne autanmu. Ni ce ta fari, shi ne na ƙarshe, ni na goye shi har bayana ya yi kanta. Adda yake ce mini, irin kiran da muka ɗauko a bakin Fulanin da muka tashi tare da su. Ya koyi kanikanci, ya buɗe ɗan gareji a Anka, kuma hannunsa yana da kyau, direbobin Gummi da Bukkuyum duk wurinsa suke zuwa, har da Garba. Yana da daɗin baki, yana son sutura, yana son a ce ya isa. Ban taɓa jin ya ɗauki allurar wani ba kafin wannan shekara.

Da kaka ne, a shekarar da aka fara shari'a a jiharmu, lokacin da maganar ta cika rediyo da bakin kowa. Bala ya zo mini bayan azahar, mahaifinku yana gona wurin girbin dawa. Ya ci tuwo ya side kwano, ya yi mini ba'a cewa miyata ta fi ta Inna amma kada in faɗa mata. Sannan ya fita zaure ya aika aka kira masa Garba. Ni kuwa ina zaune a gindin katangar zauren daga ciki ina tsintar wake. Maza suna da wani hali da har yau yake ba ni mamaki: in suka shiga zaure sai su ɗauka gidan ba shi da kunne. Na ji Bala ya sassauta murya ya ce:

"Mutanena ne, Garba, su biyu. Wake za su ɗauko can bayan Anka. Ni na tsaya musu. Amma kar ka ce ni na haɗa ku, ka san halin 'yan kamasho, sai su ce na shiga musu aiki. Gobe ka tahi tasha kamar kullum, za su zo su same ka."

Garba ya yi dariyar nan tasa ya ce:

"In kai ka tsaya musu, ko aljanu ne na ɗauka."

Ban kawo komai a raina ba. Na ci gaba da tsintar wakena, har ina jin daɗi ƙanena ya samo wa maƙwabcinmu aiki. Washegari da hantsi motar ta yi tarinta ta tashi. Ba ta dawo ranar ba, ba ta dawo washegari ba. A rana ta uku makiyaya suka tsinci Garba a wani kwazazzabo nesa da titi, a hanyar Anka, hannuwansa a ɗaure. Ba zan rubuta muku sauran ba. Motar kuwa ko ƙurarta ba a sake gani ba.

Ko a lokacin ban zargi Bala ba. Cewa na yi shi ma yaudararsa aka yi, kuma yanzu zai fito ya faɗi su waye mutanen. Ranar sadakar uku ya zo ta'aziyya. Gidan Garba ya cika, sai aka shimfiɗa wa wasu maza tabarmi a zaurenmu, shi ma a nan ya zauna. Ina daga ciki ina dama fura don baƙi, a gindin wannan katangar dai. Wani direba ya tambaye shi yaushe rabonsa da marigayi. Bala ya ja numfashi ya ce ai ya fi wata bai sa shi a ido ba, tun da ya canza masa wani ƙarfe a ƙafar mota. Ludayin da ke hannuna ya tsaya cak. Na san muryar Bala in yana ƙarya tun yana ɗan shekara huɗu yana satar ƙuli-ƙulin Inna: takan yi santsi, ta yi ladabi fiye da kima. Ita na ji ranar.

Kafin sadakar bakwai aka kama Ɗan Ali. Shi wani tsoho ne, ɗan kamasho a tasha, wanda aikinsa haɗa fasinja da mota. Baƙin nan biyu shi suka samu suka ce Garba suke nema, ya kai su wurinsa, ya karɓi la'adarsa kamar yadda aka saba. Kowa a tasha ya gan shi tare da su, kowa kuma ya san Garba ba ya ɗaukar shatar da ba a tsaya wa ba. Sai aka ce to wa ya tsaya musu in ba shi ba? Tsohon ya rantse har muryarsa ta dushe. Yana da ciwon suga, ga shi a tsare, ba cimar da ya saba, ba maganinsa a kan kari. Matarsa takan zo ta durƙusa a ƙofar ɗakin Luba tana kuka tana cewa ƙafafunsa sun kumbura, ni kuwa ina jin ta ta cikin 'yar kafar nan.

Na nemi izini wurin mahaifinku na ce zan je duba Inna, ban gaya masa komai ba. Na samu Bala a Gummi, kwance a ɗakinta wai zazzaɓi yake yi. Na saki labulen ƙofa na maimaita masa maganarsa ta zaure, kalma bayan kalma, har da inda ya sassauta murya. Bai yi musu ba. Ya tashi zaune ya riƙe kansa ya ce:

"Ni ban kashe kowa ba, Adda. Ko wurin ban je ba. Cewa sunka yi za su ɗaure shi ga icce su tahi da mota, in an kwana biyu makiyaya su kwance shi."

Na tambaye shi me aka ba shi. Ya ce motar za a wargaza, shi zai sami kaso a kayan. Na tambaye shi ko ya san Garba zai gane fuskokinsu, kuma zai tuna wanda ya tsaya musu, to ta yaya ya zata za su bar shi da rai? Ya kawar da kai. Har yau ina ganin ya san amsar tun farko, ya dai ƙi duba ta ne.

Inna tana zaune a bakin gado, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, lissafi ta shiga yi irin na uwa. Ta ce ai wanda bai riƙe wuƙa ba ba a biɗar jini gare shi. Ta ce kuma yanzu da shari'a ta zo, jini yana hannun magada, in sun yafe shi ke nan, ta ji da kunnenta a wa'azi. Ta ce a bari ƙura ta lafa, bayan Luba ta fita takaba ita da kanta za ta je wurin mahaifin Garba ta durƙusa, ta ba da shanunta na gado da ke wurin Fulani, a rufe maganar tsakanin gida da gida. Na ce mata Ɗan Ali fa? Ta ce tunda ba shi ya yi ba ai za su gaji su sake shi. Da na tashi zan fita sai ta kama bakin zanena. Ku sani, ni 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba saboda alkunya, ke kawai take cewa, ko waccan ɗiyar. Ranar ta dube ni ta ce:

"Kulu. Ɗana ne. Ƙaninki ne."

Shekarata arba'in da wani abu a duniya, ranar na fara jin sunana a bakin uwata, kuma roƙona take yi in yi shiru.

Na dawo Bukkuyum na kwana biyu ban iya cin abinci ba, sannan na gaya wa mahaifinku. Allah ya jiƙansa, bai ce mini yi ko bari ba. Ya ce shi iliminsa bai kai nan ba, mu je Anka wurin malaminsa, wani tsoho da idonsa ya fara mutuwa amma kansa garau. Muka je, aka shigar da ni daga gefen zaure, mahaifinku ya kawo tambayar a rufe, wai wani mutum ne a wani gari. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya warware mana ita a hankali kamar mai warware rawani. Ya ce akwai kisan da magada suke da ikon yafewa, kamar mutum biyu su yi faɗa ɗaya ya kashe ɗaya. Amma a yaudari mutum ya saki jiki, a kai shi inda ba mai ceto, a kashe shi don dukiyarsa, wannan gilla ce kuma fashi ne, ba na magada kaɗai ba ne. Ya ce an cuci duk mai bin hanya, an cuci duk direban da zai ji tsoron tsayawa ya ɗauki mutum, don haka ko mahaifin mamacin ya ce ya yafe, hukuma ba ta da ikon sakin maganar. Mahaifinku ya ce to wanda bai je wurin ba fa, bakinsa kawai ya ba da? Tsohon ya ce:

"Wani ya gina rami, wani ya rufe shi da ciyawa, wani ya kama hannun makaho ya ce biyo ta nan. Wane ne bai jefa shi ba?"

Ashe shanun Inna da durƙusonta duk ba su da inda za su shiga. Sai tsohon ya ce akwai ƙofa guda ɗaya. In mutum ya tuba ya kai kansa da ƙafarsa tun kafin hannun hukuma ya kai gare shi, hukuncin fashi yakan sauka daga kansa, sai haƙƙin magada ya rage, a nan ne yafiyarsu za ta yi amfani. Ya ce bai san wace kotu za a kai maganar ba, kuma ba shi ne alƙali ba, amma ko a wace ce, wanda ya zo da kansa ya fallasa abokansa ba ɗaya yake da wanda aka jawo ba. Ya ƙara da cewa wanda ya san gaskiya ya ɓoye alhali ana tsare da marar laifi, shi ma ya sa hannu a zaluncin. Sannan ya juyo da fuskarsa ta inda nake ya ce:

"Ɗiyata, mace ba ta shigo mota tun daga Bukkuyum don wani mutum na wani gari. Ki gaya mishi ya yi sauri."

Daga nan muka wuce garejin Bala, don ya dawo bakin aiki. Mahaifinku ya janyo shi bayan rumfa ya faɗa masa duk abin da malamin ya ce, ya kuma ce shi da kansa zai raka shi, ya zauna tare da shi, ya nemo masa lauya. Mahaifinku ya ce a ba Bala mako guda ya kintsa. Ni na ce a'a. Wannan ku riƙe shi da kyau, don masu cewa mahaifinku ya tilasta ni: shi mako ya ce, ni na rage. Kukan matar Ɗan Ali yana cikin kunnena, kuma da safiyar ranar ta ce yatsun ƙafarsa sun fara baƙi. Na ce wa Bala kwana uku. Ranar kasuwar Bukkuyum, in an sallame azahar, ina jiransa a gidana. In ya zo, mu tafi tare, ni a gaba. In bai zo ba, zan tafi ni kaɗai. Ya kalli hannuwansa da suka yi baƙi da mai ya ce:

"To, Adda, na ji."

Kwana ukun nan ban yi aikin kirki ba. Kowane kabu-kabu ya shigo lungu sai in ajiye abin da ke hannuna in saurara ko zai tsaya a ƙofarmu. Ranar kasuwa na yi tuwo da miyar da yake so, na rufe. Aka kira azahar aka sallame, na ji maza suna dawowa daga masallaci, na ƙirga takalmansu ɗaya bayan ɗaya, babu nasa. Na ƙara masa har la'asar, ban gaya wa kowa ba. Da aka sallame ita ma, na ɗauki mayafina.

Ban fara zuwa wurin hukuma ba, gidan Luba na shiga, don ita ta fi kowa cancantar ta fara ji. Tana zaune a kan tabarmar takaba da tasbaha a hannu. Na durƙusa na faɗa mata daga farko har ƙarshe. Da na gama ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun ranar sadakar uku. Ta ce:

"Kuma kullum kina miƙo mini kunu ta katanga."

Babu abin da aka faɗa mini a duk wannan lamari da ya kai wannan zafi, kuma gaskiyarta ce. Sai ta ce in tashi in je in faɗa musu kafin tsohon nan ya mutu a kan laifin wani. Na fita, mahaifinku a gaba ina biye, muka ratsa ta gefen kasuwa ana ta ɗaure buhuna. Shekara ashirin ina jin hayaniyar kasuwar nan daga ɗakina, ranar na fara ganinta, kuma ban ga komai ba.

Washegari da safe aka kama Bala a tashar Gummi, a cikin motar da ta cika tana shirin tashi gabas. Ta bakinsa aka kamo sauran biyun, aka kuma samo wasu sassan motar Garba. Aka saki Ɗan Ali, amma sai da aka yanke masa yatsu biyu a asibiti. Da ya warke ya zo zaurenmu da sanda, ya ce a gaya wa matar gida ya gode. Na aika masa da fura.

Shari'ar a Gusau aka yi ta, ta ci fiye da shekara biyu. Ni ban san bambancin kotu da kotu ba, na dai san an kira ni na tsaya a gaban mutane na rantse. Lauyan da ke kare su ya tambaye ni ko na ga Bala da idona yana magana da Garba. Na ce ban gan shi ba. Ya ce to ta yaya mace a bayan katanga za ta rantse a kan murya? Na ce masa tun da ya shigo ɗakin nan takalminsa na hagu yake kuka, na dama ba ya yi, kuma ban kalli ƙafarsa ba. Na ce in na gane takalmin da na sani yau, ba zan kasa gane muryar da na goya ba. Aka yi dariya, alƙali ya tsawatar. Bala bai ɗago kai ba. Lauyan ya yi ta nanata cewa yaron bai je wurin ba, bai taɓa mamacin ba. Ranar hukunci alƙali ya yi dogon bayani, aka fassara mana, kuma maganarsa da ta tsohon malamin Anka suka zo ɗaya: ba don bakin Bala ba, da Garba bai bi mutanen nan daji ba, kuma wanda ya shirya fashi tare da masu yinsa yana ɗauke da abin da fashin ya haifar. Aka yanke musu kisa su uku. Bayan wasu shekaru aka mayar da nasa ɗaurin rai da rai, saboda shi ya nuna sauran.

Abin da ya biyo baya kun ga wani sashe da idonku. Luba ta gama takaba ta koma gidansu, waɗanda suka shiga gidan suka toshe kafar katangar. Inna ta rayu shekara huɗu bayan hukuncin, ba ta sake yi mini magana ba. In na je Gummi na gaishe ta sai ta juya fuska bango. Na ci gaba da zuwa, ina share ɗakin, ina wanke mata tufafi, ina zuba surutuna kamar tana amsawa. Ba ta taɓa kora ta ba, kuma abin da na dafa tana ci in na fita. Da wannan na riƙe zuciyata. Ni na yi mata wanka da ta rasu.

Bala ya ƙi ganina shekara bakwai. Duk wata ina aika masa da dakuwa da yaji da sabulu, yana karɓa, amma ya ce kar in zo. A shekara ta takwas ya aiko in je. Na same shi ya yi furfura, autan Inna da furfura, ya haddace izu da yawa, muryarsa ta sauka ta yi nauyi. Muka gaisa, ya tambayi kowannenku da suna. Ya ce ya daina cewa bai kashe Garba ba, don ya gane bakinsa ne wuƙar farko. Da lokaci ya kusa cika sai ya ce:

"Ranar da anka kama ni, wurinki za ni, Adda. Da kin ƙara mini kwana ɗaya."

Na saurari muryar da duk kunnen da Allah ya ba ni. Ba ta yi santsin nan na ƙarya ba, amma kuma ba muryar da na sani ba ce, shekaru sun canza ta, na kasa karanta ta. Motar da aka same shi a ciki tana wucewa ta mararrabar da ake sauka a shigo Bukkuyum, tana kuma zarcewa Gusau, inda mutum zai iya ɓacewa a duniya. Allah kaɗai ya san inda zai sauka.

To, ga abin da nake so ku sani daga bakina. Ban yi nadamar magana ba, ko sau ɗaya. Da za a mayar da ni ranar, zan sake ɗaukar mayafina. Garba ya ba da ransa a kan kalmar ƙanena, a zauren gidana, kuma wani tsoho yana ruɓewa a tsare a madadinsa. In ma akwai laifin da nake neman gafara a kansa, kwanakin da na yi shiru ne ina miƙa wa Luba kunu. Abu ɗaya ne kawai nake juyawa in na zauna ni kaɗai ina kaɗi, shi ne adadin kwanakin. Mahaifinku ya ce bakwai, ni na ce uku. Da na ce huɗu, wataƙila Bala ya shigo da ƙafarsa, wataƙila kuma ya tsere, Ɗan Ali ya rasa ƙafar gaba ɗaya ko ransa. Ku da kuka yi karatu fiye da ni, kuna da ƙanne kuma kuna son su, ku faɗa mini: in ku ne a bayan rumfar garejin nan, kwana nawa za ku ba shi?